Sabuwar manhajar ma'aikata da albashi: me ke sa ta zauna, me ke kayar da ita?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya, shugabar sashen kula da ma'aikata a wani kamfani mai mutum kusan 7,000, da masana'antu biyu da rassa a jihohi da dama. Hukumar daraktoci ta amince a sayi manhaja guda da za ta haɗa bayanan ma'aikata, hutu, ƙarin girma da albashi. Kamfanoni uku sun zo sun baje kolinsu, kowanne ya burge. Manajan darakta yana so a fara aiki da ita ranar 1 ga Janairu, saura wata 5 ke nan. Wacce za su saya, kuma ta yaya za a yi aikin ba a ji kunya ba?

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Zan ajiye maganar wacce za ku saya zuwa can gaba, domin ita ce mai sauƙi a cikin tambayoyinki. Manyan manhajojin kasuwa irin su SAP SuccessFactors, Oracle da Workday, har da waɗanda kamfanonin gida ke rubutawa, duk sun iya ajiye sunan ma'aikaci, su ƙirga masa hutu, su fitar masa da albashi. Abin da ba su zo da shi ba shi ne ƙa'idojin da kamfaninku ke biyan mutane da su. Waɗannan ku za ku faɗa musu, kuma ina kyautata zaton ba a taɓa rubuta su wuri ɗaya ba.

Ki duba abin da ya sami Kanada, ƙasar da ba za a ce ta rasa kuɗi ko ƙwararru ko wutar lantarki ba. A 2009 gwamnatin tarayyarta ta ƙudiri sauya tsarin biyan albashin da ya shekara 40 yana aiki. Aka ware kimanin dalar Kanada miliyan 310, aka ba kamfanin IBM kwangila a 2011 ya gina sabon tsari a kan wata manhajar kasuwa mai suna PeopleSoft, aka raɗa masa suna Phoenix. Lissafin da aka buga shi ne gwamnati za ta riƙa samun rarar miliyan 70 duk shekara. Rarar kuwa daga albashin jami'an biyan albashi za ta fito. Aka soke guraben kusan 1,200 na waɗannan jami'ai da ke ma'aikatu daban-daban, aka buɗe cibiya ɗaya a wani ƙaramin gari mai suna Miramichi da mutum kusan 550, da yawansu sababbin hannu. A Fabrairun 2016 aka kunna wa ma'aikatu 34, a Afrilu aka ƙara 67, jimilla ma'aikata kusan 290,000. Kafin Yuli ya fita, sama da mutum 80,000 suna cikin matsala. Wani an rage masa, wani an zuba masa abin da ba nasa ba daga baya aka ce ya mayar, wani kuwa wata da watanni ko sisi bai gani ba.

Da babban mai binciken kuɗin ƙasar, Michael Ferguson, ya fitar da rahotonsa a 2018, ya kira abin gazawar da hankali ba ya ɗauka. Abin da ya tono ya fi adadin kuɗin amfani a gare ki. IBM ya gaya wa jami'an aikin cewa gina duk abin da ake buƙata zai ci miliyan 274, su kuwa miliyan 155 aka ba su. Maimakon su koma su nemi ƙari, sai suka shiga yanka. Suka cire ko suka ɗage ayyuka sama da 100 da tsarin ya kamata ya iya, ciki har da lissafin ariyas. Suka rage gwaji. Suka soke shirin fara jarraba tsarin a ma'aikatar gwamnati ɗaya tak. Suka rufe tsohon tsarin babu wata madafa idan sabon ya ƙi. Kuma duk bayanin da ke isa wurin manya daga bakin masu aikin yake fitowa, babu wani na gefe da ke dubawa. A wannan shekarar wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya ƙiyasta cewa gyaran zai kai biliyan 2.2 zuwa 2023. Daga ƙarshe gwamnati ta juya ga wata manhajar, Dayforce, don ta maye gurbinsa. PeopleSoft ɗin nan kuwa wurare da yawa suna biyan albashi da shi lafiya lau.

A Kanada an ƙirga ƙa'idojin biya sama da 80,000, waɗanda suka fito daga yarjeniyoyin ƙungiyoyin ƙwadago fiye da 100. Naku ba za su kusanci haka ba, amma za su ba ki mamaki. A duk babban kamfanin da na yi irin wannan aiki, akwai wani dattijo a ofishin albashi mai wani fayil ɗin Excel da ba kowa ke taɓa masa ba. Layuka ja, layuka rawaya, da wani ginshiƙi a can ƙarshe da ba shi da suna. Ka tambaye shi wannan fa, ya ce ai direbobin tsohuwar masana'anta ne, lokacin da aka haɗe kamfanonin an yi musu alkawarin ba za a taɓa alawus ɗinsu na dare ba. Takardar tana ina? Babu. Shi ne takardar. Idan ba a zauna da shi an kwashe abin da ke kansa ba, manhajar za ta biya direbobin nan kamar kowa, kuma a ƙarshen watan farko za ki iske su tsaye a ƙofar ofishinki.

Saboda haka aikin farko, tun kafin a sa hannu a kan kowace kwangila, shi ne a rubuta kowane alawus da kowace cira: wa ke samu, daga wace rana, yadda ake lissafawa, wa ya amince da shi, ko ana cire masa haraji, ko yana shiga lissafin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce aƙalla kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki, a kan tsabar albashi da kuɗin gida da na sufuri. Harajin albashi kuma ana biyansa ne ga jihar da ma'aikaci yake zaune. Ga rassanku a jihohi da dama, kin ga dole tsarin ya san inda kowa ke zaune a kowane wata. Sai kuɗin ƙungiya, bashin adashen ma'aikata, kuɗin mota da ake cirewa kaɗan-kaɗan, riƙon ƙwarya, ƙarin lokaci, aikin ranar hutu. In an gama za ki ga ƙa'idoji sun kasu uku: waɗanda doka ta wajabta, waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu, da waɗanda kawai aka saba. Na ukun nan ne za a zauna a yanke hukunci, a kashe wanda za a kashe, a rubuta wanda za a bari.

Wannan takarda ce za ta zaɓar muku manhaja. Nunin da masu sayarwa suka yi muku da bayanan da suka shirya tun daga gida ne, ba zai taɓa yin tuntuɓe ba. Ki sake kiran su ukun, ki ba su matsaloli goma na gaske daga fayil ɗinku, a goge sunaye. Misali: ma'aikaci ya sami ƙarin girma daga 1 ga Maris, takardar ba ta iso ba sai Agusta. A Yuni an yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Kaduna. A Yuli ya yi kwana 10 na hutu babu biya. Ana cire masa bashin adashe duk wata. Su shigar a gabanku, su nuna ariyas ɗinsa, harajin da kowace jiha za ta karɓa, da abin da za a ƙara a fanshonsa. Ki sa dattijon nan a kusa da allo da kalkuletarsa. Wanda ya ce “wannan sai mun ɗan gyara”, ki tambaye shi nawa ne gyaran, kuma wa zai sake biya idan sabon salon manhajar ya fito ya rushe shi. Sannan ki nemi su haɗa ki da kamfanoni masu girmanku a nan Najeriya da suka shekara biyu suna amfani da ita, ki je da ƙafarki, ki yi magana da mai fitar da albashi, ba da shugaban da ya sa hannu a sayen ba. Ki fi kula da wanda zai kafa muku ita fiye da sunan da ke jikinta. Sau da yawa manyan ƙwararru ne ke zuwa neman kwangila, in an samu sai a turo yaran da suka gama hidimar ƙasa bara. A rubuta sunayen waɗanda za su yi aikin a cikin kwangila.

Maganar gyara tana da fuska biyu. Manhaja kamar riga ce ɗinkin kanti: ana rage hannu, ana ɗage tsawo, amma in kowane manaja ya kawo nasa gyaran, ƙarshenta ba mai iya sa ta. Don haka ƙa'idata ita ce ku ne za ku bi hanyar manhajar, sai inda doka ko yarjejeniya ko ainihin yanayin aikin ya hana. Amma wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne, kuma misalinsa yana gabanmu. IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayyar Najeriya, ya fara a 2007 da ma'aikatu 7 na gwaji, da tallafin Bankin Duniya, kuma manufarsa mai kyau ce: a san su wa ake biya, a toshe ma'aikatan bogi. Da aka zo tilasta wa jami'o'i shiga daga 2019, ASUU ta ce tsarin an yanka shi ne a kan ma'aikacin ofis, bai san hutun sabatikal da malamin jami'a ke ɗauka don bincike ba, bai san malamin da ke koyarwa a wata jami'ar na wucin gadi ba, bai san alawus ɗin da ya keɓanta da aikin koyarwa ba. Ta fito da nata, UTAS. Rigimar tana cikin abubuwan da suka haddasa yajin aikin 2020 da na wata 8 a 2022, har majalisar zartarwa ta cire manyan makarantu daga IPPIS a Disambar 2023. Kowa da ra'ayinsa a kan wa ya fi gaskiya. Abin da ya shafe ki shi ne, rukunin ma'aikatan da aikinsu ya bambanta da na saura, kamar masu aikin dare a masana'antunku da masu tallan da ake biya da kamasho, a saurare su tun ana zane. Shugabannin ƙungiyar ƙwadago su ga takardar ƙa'idojin nan, su sa hannu. Wanda aka yi shawara da shi ba ya yin faɗa irin na wanda ya ji labari a bakin ƙofa.

Sai bayanan ma'aikata, kuma a nan ne watanni ke salwanta. Ki ɗauko jerin sunaye uku: na sashenki, na ofishin albashi, da wanda kowane shugaban sashe zai rubuta na mutanen da yake gani da idonsa. Ba za su yi daidai ba. Za ki sami wanda ya rasu ana biya, wanda ya ajiye aiki bara sunansa na nan, wanda ke zuwa kullum amma fayil ɗinsa ya ɓata. Mutum ɗaya Muhammad ne a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Mamman a bakin abokan aiki. Musa Ibrahim nawa ne a masana'antarku? Shi ya sa ba a riƙe mutum da suna, sai da lamba ɗaya da ba za a sake ba wa kowa ba ko bayan ya tafi, a ɗaure ta da NIN da BVN ɗinsa. Ranar haihuwa ita ce ta fi zafi, domin da ita ake lissafin ritaya: fayil ya ce wata shekara, katin ɗan ƙasa ya ce wata, kamfanin fansho ya ce ta uku, ga kuma tarin waɗanda duk 1 ga Janairu aka rubuta musu. A tsayar da doka guda a kan wace takarda ce ke rinjaye, a yi wa kowa da ita, babba da yaro. Kowane ma'aikaci a buga masa bayanansa a takarda ɗaya, ya karanta ko a karanta masa, ya gyara, ya sa hannu. Wannan aikin naku ne. Ɗan kwangila zai kwashe duk abin da kuka ba shi ya zuba, mai kyau da ruɓaɓɓe, kuma bai yi laifi ba. A fara shi gobe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga 1 ga Janairu. Manajan darakta yana da hujja ɗaya mai ƙarfi: shekarar haraji a nan take farawa, don haka ba sai an ɗauko jimillar watannin baya ba. Amma Disamba da Janairu su ne lokacin rufe littattafai, kuɗin ƙarshen shekara, ƙarin mataki, da tafiye-tafiyen hutu, wato lokacin da mutanen da kika fi buƙata suka fi kowa rashin sukuni. Wata 5 kuma ba ya isa a rubuta ƙa'idoji, a tsaftace bayanan mutum 7,000, a kafa manhaja, a gwada. Shawarata ki ba shi Janairunsa, amma da abin da ba ya zubar da jini: rajistar ma'aikata, tsarin wa ke ƙarƙashin wa, da neman hutu. Albashi ya biyo baya, a fara da hedikwata ko reshe ɗaya, sannan masana'anta ɗaya, sannan saura.

Kafin albashi ya koma sabon tsari, a yi wata biyu ko uku ana fitar da shi ta hanya biyu. Tsohon tsari ne ke biya, sabon yana lissafi a gefe, a jera sakamakon mutum-mutum har kwabo. Duk bambancin da aka gani sai an san dalilinsa. Wani lokaci sabon ne ya yi kuskure. Wani lokaci kuma a gano tsohon ya shekara yana cire wa mutane harajin da ya wuce ƙima, ko yana biyan alawus ɗin da aka soke tuntuni, sai a yanke shawarar abin da za a yi da hakan tun kafin ma'aikata su gani a takardar albashinsu. Aikin yana da gajiya, shi ya sa shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Kada ki yarda. A rubuta sharuɗɗan kunnawa tun yau da kowa ke cikin hayyacinsa: kashi nawa ne dole su yi daidai, wane irin kuskure ne ko ɗaya aka samu ba za a kunna ba. A jihar Queensland ta Ostareliya, da aka zo kunna sabon tsarin albashin ma'aikatan lafiya kusan 78,000 a Maris 2010, gwaji ya nuna manyan kurakurai, sai aka sauko da darajar wasu daga ciki aka sassauta sharuɗɗan don a wuce. Kwangilar da ta fara a kan dalar ƙasar miliyan 6 da 'yan kai, aka ƙiyasta za ta ci biliyan 1.2, har sai da aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Richard Chesterman a 2013.

Wa zai iya cewa a dakata? Ba manajan aikin ba, don ranar kunnawa ita ce ma'aunin ƙwazonsa. Ba ɗan kwangila ba, don kuɗinsa na jiran ranar. Ke ma, Hajiya, in an kai watan ƙarshe nauyin zai yi miki yawa. A sami wani na gefe, shugaban masu binciken kuɗi na cikin gida ko wani daga waje, wanda rahotonsa ke zuwa kai tsaye ga kwamitin hukumar daraktoci ba tare da ya bi ta teburin kowa ba. Shi kuwa aikin kansa naki ne da shugaban sashen kuɗi. Sashen kwamfuta abokin tafiya ne. In aka bar musu ragama za su kafa abin da ke aiki daidai a kan na'ura, amma ba su da ikon ce wa wani janar manaja alawus ɗinsa ya mutu. Ki kuma cire mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda kika fi ji da su, ki sauke musu aikin yau da kullum gaba ɗaya. In cire su bai yi miki ciwo ba, ba su ne ya kamata ki cire ba.

Akwai wani canji da ba a cika lura da shi ba. A da, in shugaban sashe ya makara da takardar ƙarin lokaci, sai akawun albashi ya ɗaga waya ya tuna masa, ko ya cike da hannu. Sabon tsari ba ya kiran kowa. Abin da ba a shigar ba kafin ranar rufewa babu shi. Wato albashin lebura ya koma hannun fomansa. Horon da ya fi muhimmanci na waɗannan ne, a yi musu shi a wurin aikinsu, da harshen da suke ji, da sunayen yaransu a kan allo, kusa da lokacin kunnawa don kada su manta. Ki kuma tambayi kanki: ma'aikacin masana'anta da ba shi da imel, wayarsa ƙarama ce, ta ina zai ga takardar albashinsa? Reshen da sabis ke ɗaukewa kwana biyu fa? A gwada a can, ba a ɗakin taron hedikwata ba.

Game da ma'aikatan bogi, kada wani ya ce miki kwamfuta ta gama da su. In mutum ɗaya zai iya ƙirƙirar sabon ma'aikaci, ya sa lambar asusun banki, ya amince da biya, to an sauƙaƙa masa satar ne. A raba ikon nan tsakanin mutum uku, duk canjin lambar asusu ya bar sawu, wani ya riƙa duba sawun duk wata. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora muku alhakin sanin wa ke ganin albashi da bayanan lafiyar wa, da inda ake ajiye su.

A kwangila, a ɗaure biyan kuɗi da sakamako, kaso mai kauri ya jira har albashi ya fita lafiya wata uku a jere. In da dala ake biyan kuɗin shekara, ki tuna dalar da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ki nemi a tsayar da farashi ko a biya da naira. A rubuta wa zai sabunta jadawalin haraji in doka ta canza da kuma cikin kwana nawa, da yadda za ku kwashe bayananku cikakku ranar da kuka raba gari. A Disambar 2021 masu kutse sun durƙusar da manhajar Kronos mai lissafin lokacin aikin ma'aikata a Amurka, asibitoci da kamfanoni suka yi makonni suna rubuta lokacin aiki a takarda. Ku riƙa ajiye kwafin albashin watan da ya wuce a hannunku, yadda in komai ya tsaya za a iya sake biyansa a daidaita daga baya.

Bayan an kunna, a buɗe teburin ƙorafi mai lambar waya da mutum ke ɗauka, a kuma ware kuɗi da izinin biyan gaggawa, ta yadda wanda albashinsa bai shiga ba zai ga alat cikin kwana 2 ba tare da jiran wata mai zuwa ba. Tsohon tsarin a bar shi a buɗe don dubawa aƙalla shekara guda. In akwai maganar rage ma'aikatan ofishin albashi a cikin lissafin da aka kai wa daraktoci, ki roƙa a ɗage ta har sai an zagaya shekara cikakkiya da sabon tsarin, an ga ƙarin mataki, kuɗin hutu, ariyas da rufe shekara duk sun wuce ta cikinsa. Ki kuma gaya musu haka da bakinki tun yanzu, domin in sun ji ƙishin-ƙishin cewa manhajar ta zo korarsu ne, dattijon nan ba zai buɗe miki fayil ɗinsa ba.